Yadda Za Ka Shiga Tarihin Kiɗa Kana Kallon Takalminka

"Mutum nawa suka zo?" in ji Clive, mai waƙa.

"Bakwai," Maxine ta ce, tana ɗaure igiyar jitarta. "Har da babarka."

"Sun yi yawa."

To, ka ji gwani. Bi sawun Clive Ackroyd na ƙungiyar Jiƙaƙƙiyar Safa ta garin Grimsby, na lamunce maka ɗaukaka, amma sai bayan kun watse.

1. Ka tsani farin jini

Masoyanka na sonka ne don babu wanda ya san ka. Ranar da rediyo ta saka waƙarka, ka sa baƙaƙen kaya, ka karɓi gaisuwa.

2. Ka kafa ido a kan takalmi

Mawaƙin kirki ba ya kallon jama'a. Shekara tara Clive yana waƙa kansa a sunkuye. Ya san kowane ɗinki na takalminsa, bai taɓa sanin Maxine shi take kallo ba. Alhali duk waƙoƙinsa ita ya rubuta wa. Wayyo zuciya!

3. Ka binne soyayya a ƙarƙashin ƙarar jita

"Kai, sarkin takalma, wannan waƙar a kan wa?" ta tambaye shi suna cin kifi da dankali a bakin teku.

"A kan ruwan sama."

"Ruwan sama mai jan gashi? Allah ya ba ku zaman lafiya."

Haka ake so. Wanda aka gane waƙarsa ya gama yawo.

4. Ku watse

Babu tarihi sai an rabu. Clive ya yi sa'a: Maxine ta samu aiki a Glasgow, jirgin ƙasan Litinin za ta bi, sai fa in wani ya ba ta dalilin zama. Kada ka ba ta! Yi wasan bankwana ranar Lahadi da rana a mashayar unguwa, ka ci gaba da sunkuyo.

5. Ka jira shekara ashirin

Mutanen nan bakwai za su zama dubu bakwai, kowa na rantsuwa yana wurin.

Gargaɗi

Wanda ya ɗaga kai, babu ruwana da abin da ya same shi. Clive ma, ana tsakiyar waƙar ƙarshe, wuyansa ya gaji, ya ɗago, ya ga hawaye a idon Maxine. Nan take ya zubar da wahalar shekara tara, a gaban babarsa:

"Ba ruwan sama ba ne, ke ce! Tarihi ya nemi wani. Gobe tare za mu hau jirgin."