Finkason Utai da Kansilan da Ya Makara

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Sabi'u, ɗan ƙanena, ba. Ko na so in manta, mutanen Utai ba za su bar ni ba.

Shekarar da soja suka koma bariki ce. A shekarar ne kuma wani likita a Kano ya gano abin da ke cina, bayan na sha jiƙe-jiƙen basir da na shawara sun fi tulu goma, na rame kamar karan dawa. Wai hanjina ne ba ya shiri da alkama. Ba burodi, ba taliya, ba gurasa, ba fanke, har in mutu. (Ni da na yi shekara ashirin ina karyawa a teburin mai shayi a tashar Wudil!) Na koma koko da tuwon dawa, cikina ya lafa. Amma ka gaya wa mutum alkama ce ciwonka, sai ya bushe da dariya, wai cutar 'yan boko ta kama wanda ko firamare bai gama ba.

To, ni ne wakilin ango. Matsalar ita ce zaɓe ya raba mu da gidan amarya: su jam'iyyarsu daban, mu tamu daban, har an yi zage-zage a kasuwa. Da ƙyar kakan yarinyar, Malam Barau, ya yarda da auren. Tun a mota Sabi'u ke roƙona: "Baffa, don Allah ka bi tsohon nan a hankali."

Muna isa gidan amarya a Utai aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka gaisa, aka tambayi gida da gona da gajiya. Sai ga kwano. Malam Barau da kansa ya buɗe, ya turo gabana. Finkaso ne da miyar taushe, alkama zalla.

"Bismilla, Malam."

"Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake."

Tsohon ya ajiye murfin a hankali. "Ka zo neman 'yarmu, amma abincinmu kake tsoro? Ba mu sa komai a ciki ba."

Kowa ya san wanda ya ƙi cin abincin gidan da ya zo neman iri, zargin sammu yake musu. Sabi'u ya dube ni kamar zai yi kuka. In ce alkama ce ke kayar da ni, a gaban abokan hamayya? Na wanke hannu. Huɗu na ci. (Gaskiya ɗaya: na farko don Sabi'u na ci, sauran ukun daɗi ne ya ja ni.)

Lissafina shi ne cikin yana ba ni kamar awa biyu kafin ya tayar da rigima. A ɗaura aure ƙarfe sha ɗaya, in kama hanya. Sai aka ce a jira kansila. Wane kansila? Yaron da bara yake facin taya a bakin gada, yanzu wai ba a shafa fatiha sai ya zo! Muka zauna, liman ya zauna, goro ya zauna. Cikina kuwa ya kumbura ya fara ƙugi, har na kusa da ni ya waiwaya yana duban sama ko hadari ne.

Sai bayan azahar kansilan ya iso da jiniyar aro. Liman ya yi gyaran murya ya ce, "Ina wakilin ango?"

Na matso ina gumi. Na ce, "Ina nema wa ɗana Sabi'u auren..." Nan maganar ta tsaya. Abin da ya fito bayanta ba daga bakina ya fito ba, kuma har sahun baya an ji. Na tattare babbar riga, na tsallake liman, na fizgi butar wani, na faɗa gonar gero a guje, maroƙi na bina da "Ina zuwa, baban ango?"

Ina tsugune ina jiyo su. Wani ya ce mun fasa ne. Wani ya ce wulaƙanci muka shirya. Sai muryar kansila: "Ni zan karɓa masa!" Shi ya karɓi auren ɗana. Shi aka yi wa kirari. Wanda ya jawo mini masifar!

Da na fito, ba hula, Malam Barau na tsaye a bakin gonar (tasa ce ma). Dole na faɗa masa gaskiya. Ko murmushi bai yi ba.

"Haba, Malam. Ai da ka faɗa. Akwai tuwon dawa a cikin gida, ni ma shi na ci."

Yau Sabi'u 'ya'yansa biyar. Ni kuwa duk gidan da na shiga, kafin a gama tambayata gajiya na riga na sanar da su halin hanjina. Mai dariya ya yi. Na gwada duka biyun, dariyar da ake yi maka kana zaune a tabarma ta fi ta gonar gero sauƙi.