Wasiƙar Asibitin da Na Buɗe da Tururi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya kwashe mini komai, da yammacin da na tona wa kaina asiri a tsakar gidanmu na Unguwar Kanawa, ba wanda ya aike ni. Shekarar da aka koma tuƙin mota ta hannun dama ce. Na riƙe shekarar ne don maigidana direban ma'aikata ne, lokacin yana can rangadi da manyansu, ya bar ni da goyo a gidan wansa, wanda kowa ke kira Yaya Akawu.

Goyon ɗan fari ne, don haka kada ku jira in faɗi sunansa. Watansa goma sha ɗaya ya kama gudawa, ya rame, wuyansa ya yi siriri. Ni kuwa na san abin da ba wanda ya sani: wata uku ke nan ban ga al'adata ba. Ciki a kan goyo, abin da tsofaffi ke ce wa rurrutsa. Ga surukata, Inna, ta zo daga ƙauye za ta yi mana mako guda. Na san halinta sarai. Ranar da ta ji, ranar za ta cire yaron daga nono ta goya shi ta tafi da shi yaye, sai dai in riƙa jin labarinsa a bakin masu zuwa cin kasuwa.

Akwai ƙaramin asibitin mata da yara da muke zuwa awo. Aji biyu na yi a firamare aka cire ni, lambobi kawai na sani da baƙaƙen sunana, amma ido gare ni, kuma tsarin wurin nan ya daɗe yana ba ni mamaki. Kowane yaro katinsa biyu. Ƙaramin uwa ke tafiya da shi gida. Babban kuwa yana zaune a wani ɗaki mai taga da waya, wurin wani dattijo da ba ya tambayar lafiyarki, lamba kawai yake tambaya. In ya zaro katin ba ya ba ki, nas yake miƙa wa. Na taɓa miƙa wuya in leƙa, ya ɗora tafin hannunsa a kai yana kallon rufi. Ita ma Sista, babbar nas ɗin wurin, da wani ya turo ƙofa sai ta kife katin. Nakan zauna a benci ina ta saƙe-saƙe: me suke rubutawa haka a kanmu da har sai an sa masa kwaɗo?

Ranar da muka je da Inna, muna isa ƙofa Sista ta ce, "Mama, ki ɗan huta a benci, uwar yaron nake son gani."

"Ni na haifi uban yaron," in ji Inna.

"Allah ya saka da alheri, Mama. Ga benci nan."

Ta rufe ƙofa. Ta ɗora shi a sikeli, ta duba idonsa da bakinsa, sannan ta dube ni ta ce, "Ke fa, lafiyarki ƙalau?" Ban san lokacin da na fashe da kuka na zayyana mata komai ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, "Wa ya sani?"

"Daga Allah sai ke, Sista. Don girman Allah kada Inna ta ji, ɗauke shi za ta yi."

"Ba dai daga bakina ba. Amma gobe zan tura ki babban asibiti, kuma shi likitan dole in sanar da shi, don ya san yadda zai duba ku."

Na ce to. (Ni a wautata na ɗauka ta baƙar wayar tarhon da ke teburinta za ta gaya masa.) Ta ja takarda ta yi ta rubutu, ta cika gaba ta gangara ƙasa, ta ninke, ta sa a ambulan, ta liƙe, ta buga hatimi a bakin. "Likita za ki ba, hannu da hannu. Ba kowa ba."

Tun a hanya ambulan ɗin nan ya fara ƙona mini ƙirji. Tunanina ɗaya: ai labari mai daɗi ba a liƙe shi. In da yaron zai warke, me zai hana ta faɗa mini da baki? Na ɗaga shi a rana, na juya, har sansana shi na yi. Sai na tuna na taɓa ganin Yaya Akawu yana ɓamɓare kan sarki daga tsohuwar wasiƙa da tururin buta. Akwai wata maƙwabciyarmu mai buga tafireta a ofis, na ce ita zan kai wa a ɓoye ta karanta mini, in mayar in liƙe, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Bayan la'asar na shiga madafi na ɗora buta. Dabarar ta yi aiki fiye da yadda nake so. Bakin ambulan ya buɗe ke nan na ji murya a bayana.

"Ke 'yar nan, yau kuma takarda ake dafa mana?"

Na ce, "Inna, so nake a duba mini abin da ke damun yaron."

"Yo ga mai ilimi a gida za ki kai wa bare? Kawo nan. Dama matar nan ta bar ni a benci kamar mai tallan gyaɗa."

Kafin in haɗa wata ƙarya ta zare takardar da ambulan ɗinta ta fita tana kiran Yaya. A tsakar gida kuwa ga matarsa ana yi mata kitso, ga mai kitson, ga maƙwabta biyu da suka shigo aron turmi suka zauna hira. Ni ma, in faɗi gaskiya, ban hana ba. Na raɓe jikin ƙofar madafi na ja mayafi, kunnena a buɗe, don har lokacin na yi imani labarin yaro ne kaɗai a ciki.

Yaya Akawu mutum ne mai son Turancinsa. Ya fito da tabarau, ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya. Yadda yake karatu shi ne, ya karanta layi da ƙarfi yana tauna kowace kalma, sannan ya juya shi da Hausa. Abin da na gane daga baya, hankalinsa duk yana kan kada harshensa ya karye, ma'anar ba ta isa kansa sai ta riga ta fita daga bakinsa.

"Yaro ne ɗan wata goma sha ɗaya. Nauyinsa ya ragu. Ya yi gudawa kwana tara."

"Goma," in ji Inna.

"Takarda ta ce tara, Inna. Ba alamar wata babbar cuta, abinci ne bai ishe shi ba."

Na ce alhamdu lillahi a zuciyata, har na fara murmushi. Ya sake wani dogon Turanci, ya ɗaga kai cikin jin daɗi.

"Uwar kuma tana da juna biyu, kimanin wata uku." Bai tsaya ba, wallahi bai tsaya ba. "Ta roƙa kada a sanar da mutanen gida tukuna, musamman suruk..."

Nan ma'anar ta iske shi. Ya tsaya da baki buɗe. Mai kitso ta saki gashin da ke hannunta. Ɗaya daga masu aron turmi ta ce, "Bari in je, na bar tukunya a wuta," amma ko motsi ba ta yi ba. Yaya ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga, kamar shi ya yi laifin. Ni kuwa ina tsaye ina duban ƙofar madafi ko za ta yarda in shige cikin katakonta.

Inna ta lanƙwasa yatsu tana lissafi, ta dube ni daga sama har ƙasa. "Rurrutsa! Shi ya sa yaro ya zama kamar tsinke. Musamman wa, Akawu? Ƙarasa mana."

"Rubutun likitoci ne, Inna, ba ya fita sosai."

"Ya fita. A haɗa mini kayansa, jibi mu kama hanya."

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ɗaga murya gaban Yaya ba, gaisuwa ma a durƙushe nake yi kaina ƙasa. Amma ina kallon hannun Sista lokacin da take rubutu, na san ta kai har gindin takardar, kuma yatsansa a tsakiya ya tsaya. Daga cikin mayafi na ce, "Yaya, ai da saura a ƙasa."

Ya mayar da tabarau. Wannan karon a zuci ya fara karantawa (ashe ya iya!), sannan ya ce, "Ta ce a ganinta kada a yaye shi farat ɗaya, a ƙara masa kunun gyaɗa da wake, kuma a riƙa kawo shi awo duk mako, tare da uwarsa."

"Haka takardar ta ce, ko kai ka ce?"

"Ga hatimi nan, Inna."

Inna tana musu da kowa, amma ba ta musu da hatimi. Ta gyara ɗaurin zane. "To. In shi ba zai tafi ba, ni ma ba inda za ni."

Washegari na kai wa likita ambulan ɗin, na liƙe shi da koko, ya yi tamoji kamar an wanke shi. Ya juya shi, ya dube ni ta saman tabarau, ya buɗe ya ci gaba da aikinsa. Sista ce ba ta ƙyale ni ba da na koma awo. Da na ba ta labari ta yi dariya har da riƙe tebur, sannan ta ce, "Ke, wa ya ce miki ke ake ɓoye wa? Labarinki ne. Da kin ce in karanta miki, da na karanta kafin in liƙe. Saboda mutanen hanya da na gida na liƙe shi."

Yaron ya zauna, ya murmure, ya yi kumatu. Inna ma ta zauna. Mako gudan nan nata sai da ya zama wata bakwai, a ɗakina, a kan gadona, maigida ya dawo rangadi ya tarar an shimfiɗa masa tabarma a zaure, har da matashi.

Tun daga nan, duk ma'aikacin asibitin da ya ɗauki alƙalami a kaina, sai in gyara zama in ce, "Ranka ya daɗe, me ka rubuta?" Sukan faɗa mini kuwa, da Hausa, a hankali, ƙofa a rufe, ba mai kitso a wurin.