Rasuwar 'Yar Raɗa, Kunnen Mode Mai Kalangu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da miƙa wuya ga hukuncin Mai Kowa Mai Komai, Mode Mai Kalangu na Bodinga yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da makaɗa da mawaƙa na nan gida da na Shagari, rasuwar na'urar kunnensa wadda aka fi sani da 'Yar Raɗa. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Larabar makon jiya da hantsi, a bakin murhu, bayan gajeruwar jinya.

Ga wanda bai san marigayiya ba, 'yar akwati ce baƙa da ba ta kai sabulun wanka ba, ana maƙala ta a ƙugu. Tana da eriya siririya kamar gashin bakin kyanwa, da waya mai 'ya'ya biyu da ake cusawa a kunne. Duk abin da mawaƙi ya faɗa a makirfo, sai ta ɗauko shi ta iska ta kai wa Mode har cikin kai. Mode ya tsufa yana matse kalangu a hammata a gindin manyan sifiku, har kunnuwansa suka gaji suka ja ƙofa. Yakan ga bakin mutane yana motsi, maganar kuwa kamar daga ƙasan rijiya. Mai kalangun da ba ya jin mawaƙinsa sai dai ya koma gida ya zauna. Ita ce ta hana shi zaman nan.

Zaɓo ta aka yi, kamar yadda ake zaɓen abokin tafiya. Maniru, mawaƙin da Mode yake yi wa kiɗa, mai ɗakin gwajin waƙa a Shagari, shi ya goya shi a babur har Sakkwato. Mai shago ya fito musu da iri-iri. Akwai mai doguwar waya daga miksa, wato injin haɗa sauti, har kunne. Mode ya sa, ya yi juyi irin na masu kalangu, waya ta fizge shi, ya cire ya ce shi ba akuya ba ne da za a ɗaure a turke. Akwai farare ƙal na 'yan zamani da ake kira bulutut, ba su da waya ko ɗaya. Maniru ya ɗauki makirfo ya yi baiti, Mode yana kallo har bakin Maniru ya rufe, sannan murya ta iso kamar baƙon da ya zo bayan an kwashe kwanuka. Sai mai shago ya zaro wata daga ƙasa, kwalinta duk ya koɗe. Mode ya sa ta. Maniru bai ma fara waƙa ba, numfashi kawai ya ja, Mode ya ji shi a tsakiyar kansa, “hhhp.”

Ya dafa hannun Maniru ya ce, “Wagga ta, ɗana. Ta hwaɗa mani za ka tashi tun ba ka tashi ba.”

Mai shago ya shiga bayanin nisan da take kaiwa da daɗewar batirinta. Mode yana ta kallon 'yar eriyar, bai bi bayanin ba. 'Yan kallo suna zaton mai kalangu waƙa yake bi, alhali numfashin da mawaƙi ke ja kafin baiti yake jira, don a nan ne makaɗi, wato sandar kiɗa, ke sauka a kan fata. Wanda ya jira sai ya ji kalma, ya riga ya makara.

Marigayiya ta yi zamanta a duniya cikin ladabi da riƙon amana. In an kunna ta sai ta ce “tak,” sannan ta biyo da “shhhh” a hankali, kamar yayyafi a kan rufin kwano. Ba ta taɓa ƙara wa magana gishiri ba, ba ta kuma taɓa ragewa ba. Ranar da Maniru ya manta bai kashe makirfo ba, ya juya ga mai fiyano ya ce, “Tsohon ga hwa ya hi mu duka, amma kar ka hwaɗa mai, kai nai shina hawa,” haka ta kawo wa Mode maganar cikakkiya. Bai nuna ya ji ba, sai dai ranar ya ƙara matse kalangu.

Tana kuma da abokan hulɗa a cikin iska waɗanda ba kowa ya san da su ba. Wani lokaci ana tsakiyar gwaji sai ta jawo makirfon masallacin unguwa, Mode ya ji ladan yana gyaran murya, “ehem, ehem,” ya ajiye makaɗi ya miƙe. Sai ya kai bakin ƙofa sannan sauran su ji kiran salla. Har 'yan amshi suka fara gaishe shi da durƙuso, suna cewa Baba Mode ana nuna mai abubuwa. Ranar kasuwa kuma takan jawo mai tallar maganin basir. Sau ɗaya Mode ya bar waƙar Maniru ya bi mutumin da kiɗa har ƙarshen talla, ya ce muryarsa tana da tsari mai kyau, abin tausayi ne a bar ta ba rakiya. Yakan zauna a ƙofar gida ya kunna ta ba kowa a makirfo, yana sauraren “shhhh” ɗin nan. A ganinsa ƙarar duniya ke nan idan kowa ya yi shiru.

Ciwon ajali ya same ta a hanyar Shagari zuwa Bodinga. Sun taso daga gwaji a kan kabu-kabu, ruwan sama ya tare su inda ba rumfa ba bishiya. Kalangu yana kafaɗa, ita tana ƙugu, duka suka jiƙe. Da suka iso gida, fatar kalangu ta saki, muryarsa ta dishe. Ita ma da aka kunna ta ba ta ce “tak” ba, sai “kirr, kirr,” kamar mai tari. Mode bai tsorata ba, domin duk makaɗi ya san maganin abin kiɗan da sanyi ya kama: kanga shi ake yi a wuta.

Washegari da maiɗakinsa Sa'adatu ta hura wuta za ta dama koko, ya kawo majinyatan biyu. Ya kanga kalangu yana jujjuya shi har fata ta ɗaure, ya ɗan taɓa, ya ji rawarta a yatsa. Sai ya ɗora 'Yar Raɗa a kan dutsen murhu, ya matso da ita kusa da harshen wuta, tunda nata sanyin ya fi shiga ciki.

Sa'adatu ta saki muciya ta ce, “Malam, ɗauke ta! Wagga ba hwata ta ba, roba ta!”

Mode ya ga bakinta yana motsi. Wadda za ta kawo masa maganar tana kan dutse. Ya gyaɗa kai ya ce, “Lahiya lau, na ko gode.”

Da cikinta ya kumbura, wani wari ya tashi, ya ɗauka sanyin ne yake fita.

An garzaya da ita wurin Ubaidullahi mai gyaran rediyo a kasuwar Bodinga. Ya buɗe ta, ya daɗe yana kallo, ya sa baki a kunnen Mode ya ɗaga murya ya ce, “Baba, wa ad dahwa ta?” Mode ya ba shi labarin ruwan sama tun daga farko. Ubaidullahi ya mayar da murfi, ya miƙa masa ita da hannu biyu, ya ce irinta sun daina zuwa. Mode ba ya riƙe da ruwa a zuciya, ba ya riƙe da wuta. Kwana ne ya ƙare.

Ta rasu ta bar mijinta, wato akwatin da ke jone da miksa a Shagari, wanda har yanzu yake kunna koren idonsa yana aika murya cikin iska ba mai karɓa. Ta bar 'ya'ya biyu tagwaye, na kunnen dama da na hagu, da igiyar caji wadda ke rataye a ƙusa. Ta bar kalangu cikin ƙoshin lafiya. Ta kuma bar Mode.

A gwajin da ya biyo baya Maniru ya ara masa fararen nan na bulutut. Kowane baiti Mode yana sauka a bayansa. Ya cire su ya koma kallon ƙirjin Maniru, amma mawaƙi ba ya tsayawa wuri ɗaya, da ya juya baya shi ke nan. 'Yan amshi suka riƙa kallon ƙasa. Da aka tashi, Maniru ya durƙusa a gabansa, ya riƙe hannunsa, ya yi doguwar magana idonsa ya yi ja. Mode ya ce, “To, madalla.” Da ya dawo gwaji na gaba, ya tarar an ɗora fiyano a kan bencinsa, an danna wani maɓalli yana kiɗa shi kaɗai. A tafin ƙafa ya ji kiɗan, ta siminti. A nan ya gane abin da ya ce wa madalla. Bai yi fushi ba, bai yi kuka ba. Ya zauna a waje har aka gama, ya hau kabu-kabu ya dawo.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman, ya ce ba salla, ba likkafani, ba maƙabarta, kuma an yarda da hakan. Za a naɗe ta a tsohuwar fatar kalangu, a binne ta a gindin darbejiyar bayan gidan Mode, ranar Juma'a bayan la'asar. Masu ta'aziyya su tsaya ta gabansa, kada a yi masa magana ta baya. Duk abin da mutum ya faɗa, amin zai samu.

Ba za a yi waƙa ba. Roƙo ɗaya ne ga Maniru, wanda ya yi alkawarin zuwa. Idan an sa ta a rami, Mode zai rataya kalangu, ya ɗaga makaɗi, ya rufe ido. Maniru ya matso kusa da kunnensa na dama, ya ja numfashi irin na ɗaukar baiti. Idan Mode ya ji, makaɗi zai sauka. Idan aka ga hannunsa yana nan a sama, kada kowa ya taɓa shi, kada a gaya masa an riga an ja. A tura ƙasa kawai.

Sanarwa daga Mode Mai Kalangu, Bodinga, a madadin iyalan marigayiya.