Ranar da 'Yata Ta Gyara wa Yallaɓai Fanka

Jama'a, yau na gane shekara goma sha takwas na yi ina tarbiyyar banza.

'Yata, wadda muke wa laƙabi da Injiniya, ta iya girki, ta iya ɗinki, in dutsen guga ya mutu ita ke tashinsa. Burinta ɗaya, ta samu gurbi a shirin koya wa matasa aikin wutar sola. Sa hannu guda ya rage a fom ɗinta, kuma yau ƙarfe huɗu ake rufewa.

Ƙarfe takwas muna ofis. Muka tarar da kwat ɗin Mai Girma Babban Mai Sa Hannu rataye a kujera. Masinja ya ce, "Yana nan, ya ɗan zaga." Allah ya yi wa kwat ɗin nan albarka, shi kaɗai ne ma'aikacin da bai taɓa makara ba.

Sai bayan ƙarfe ɗaya Yallaɓai ya shigo yana sakace. Ya dube mu. "Kun daɗe?"

Duk ɗan ƙasa nagari ya san amsa: "Haba ranka ya daɗe, yanzu muka zo." Ita kuwa sai ta duba agogo ta ce, "Awa biyar da minti goma." Na taka mata ƙafa, amma ina! Yallaɓai ya mayar wa biro murfinsa.

Ya hau fifita da fom ɗin namu, yana ƙorafin fanka ta yi wata uku ba ta juyawa. Wai an kafa mata kwamiti, har sun zauna sau huɗu. Kafin in ankara, yarinya ta zaro sukudireba daga jaka, ta buɗe makunnin bango. Waya ce kawai ta kwance. Minti biyu, sai ga iska. Wallahi kaina ya kumbura, na ce shi ke nan, mun wanke laifinmu.

Yallaɓai ya lumshe ido ya sha iska, sannan ya turo mana fom. "Malam, ka ji tsoron Allah. Yarinyar da ta iya wannan, me za mu koya mata? Gurbin na waɗanda ba su iya komai ba ne."

Har gida tana kuka, ni kuma raina na tafasa. Maƙwabcina mai faci ya ji labari, ya ce, "Kai ka cuce ta. Nawa ɗan ko ƙwan fitila bai iya sawa ba, amma ya iya durƙuso, ya iya dariya in babba ya yi barkwancin da ba daɗi. Tun makon jiya ya samu."

To iyaye, kun ji darasin da ba ya cikin manhaja. Ɗazu na kama ƙanwarta ta baje rediyo a tabarma tana kwancewa. Na ƙwace sukudireban na ɓoye. Asarar ɗaya ta ishe ni.