Ranar da Na Je Ceton Gwanar Iyo

Komai zan iya mantawa a zamana na Doha, amma ban da Asabar ɗin da na kai 'yata Ikram gwajin iyo a Aziziya. Wata uku yarinyar nan ba ta da zance sai na Anti Rabi, 'yar zangon Hausawan Kumasi a Ghana da ta fara iyo tun tana ƙarama, ta yi ta kwaso lambobin zinare ƙasa-ƙasa, yanzu kuma take zaɓen yara ƙalilan tana horarwa. Ikram ko karyawa ba ta yi ba don fargabar kada a ƙi ɗaukarta. Ni kuwa ko hoton matar ban taɓa tsayawa na kalla ba.

A mota na ce, "Ke kwantar da hankalinki, uwarki a rafi ta girma." (Gaskiya ne, sai dai ruwan iyakarsa gwiwa, kuma wanki ke kai mu.)

Mun isa da wuri, lokacin mata ne, wurin tsit. Sai na hango wata a tsakiyar ruwa, ƙafafu ɗaure da roba, hannu ɗaya kawai ke motsi, kai na nitsewa yana fitowa. Innalillahi! Baiwar Allah za ta mutu a gabana! Ikram na ta "Mama, tsaya," na fizge hannuna na afka, da abaya da jaka da takalmi.

Jama'a, ƙafata ta nemi ƙasa, babu. Abaya ta rufe min kai, na sha ruwa har na ƙoshi. Sai ji na yi an cafko ni ta baya kamar kaza, an dire a gefe. Wadda na je ceto ce, ƙafafunta har lokacin a ɗaure.

Ikram ta rufe fuska. "Mama, Anti Rabi ce fa. Atisaye take yi."

Wallahi na ji kunya, na kuma tsorata, na ce a raina shi ke nan na kashe wa yarinya gwaji. Anti Rabi ta yi dariya har da hawaye.

"Maman Ikram, tunda nake iyo ba wanda ya taɓa zuwa cetona sai ke. In 'yarki ta gado zuciyar nan, sauran aikina ne. Maza, Ikram, shiga mu gani."

Ta ɗauke ta. Ni ma ta ɗauke ni, ajin 'yan shekara biyar, duk Laraba ina riƙe da bakin tafki ina watsal-watsal.

Yanzu in na ga wani a cikin wahala, kafin in tuma sai na ɗaga murya na tambaya, "Taimako kike so, ko sana'arki ce?"