Mai Jego Mai Cin Ɗanye

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na fari ba. Har yau in na tuna, sai in ji kamar in tona rami in shige.

Ni dai Allah Ya yi ni da shegen son bin diddigi. Ina da ciki wata biyar na ci karo da wata baiwar Allah a waya tana bayanin cewa wuta ce ke kashe amfanin abinci, duk mai son lafiya ya koma cin ganye da 'ya'yan itace ɗanye. Sai abin ya tsaya mini a rai. Ranar Juma'a muka wuce ta Kara, na ƙura wa shanu ido, na ce ikon Allah, saniya ba ta taɓa ɗora tukunya ba, ga ta ɓul-ɓul, ga nono har ana sayarwa. Me ta fi ni?

Shi ke nan na kife tukwanena. Karas, kokwamba, latas, dabino, aya, jiƙaƙƙiyar gyaɗa, har zogale ɗanye na tauna (kada ku gwada, don Allah). Da a nan na tsaya da sauƙi. A'a, sai na zama mai wa'azi a ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa a Sabon Gari. Duk wadda ta buɗe kular shinkafa sai na yi mata kallon tausayi. Har na samu mabiya biyu, Maman Ilham da Malama Saratu.

A wurin awo aka ce jinina ya yi ƙasa. Malamar asibiti ta zaunar da ni ta ce ganye yana da amfaninsa, amma akwai wani sinadarin da jini da ƙwaƙwalwar jariri ke buƙata wanda ba a samunsa a ganye, sai a nama, ƙwai, madara ko ƙwayar magani. Ta ce ko wake ma sai an dafa jiki ke morarsa, kuma mai ciki da mai shayarwa cin mutum biyu suke yi. Na koma gida na bincika, na tarar gaskiyarta ce. To amma da wane bakin zan faɗa wa mabiyana? Sai na riƙa haɗiye maganin a ɓoye, a makaranta kuwa ina ɗaga karas kamar tuta.

Da na haihu, Goggo Hansai, ƙanwar babana, ta zo daga Lajawa don yi mini wankan jego. Ta dama kunun kanwa, na ce ya sha wuta. Aka dafa ƙauri, ƙafafun sa da yaji har ƙamshi ya cika unguwa, na kawar da kai. Na kawo mata hujjar saniya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To 'yar nan, Juma'a mai zuwa sai mu kai ki Kara a yi miki kuɗi."

Dariya na yi, amma raina ba daɗi. Yaron nan zai kama nono ya tsotsa, ya tsotsa, ya saki ya canyara kuka. Ni kuma in na miƙe sai jiri ya ɗebe ni. Tsoro ya kama ni sosai, wallahi. Na riƙa tambayar kaina, shin yunwa yake ji, ko ni ce nake horar da shi da taurin kaina?

Ranar suna gida ya cika maƙil. Na sha leshi da ɗauri, ga lalle har gwiwar hannu. Yaron ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ana ta miƙa shi hannu-hannu, wata tsohuwa tana cewa, "Anya uwar nan tana cin abinci?" Maganar ta soke ni. Na ce bari in zaga, na sulale ɗakin ajiya inda Goggo ta adana tukunyar ƙaurin da ta ɗumama. Niyyata in ɗanɗana romon kawai, in ji abin da ake zuzutawa. Ban san lokacin da na tsuguna na kama ƙashi da hannu bibbiyu ba.

Ashe a daidai lokacin malaman makarantarmu suka iso. Maman Ilham na gaba da ƙaton faranti, ta yanka latas da kokwamba ta jera su gwanin sha'awa, tana gaya wa mata, "Ai mai jegon nan ba irin taku ba ce, ko ruwan zafi ba ta sha sai dole." Aka ce an ga na yi wajen ɗakin ajiya. Suka ɗunguma, Malama Saratu ta kunna waya tana ɗauka, wai za su ba ni mamaki.

Ƙofa ta buɗe. Ga ni a tsugune, ɗauri ya karkace, mai yana bin lallena, ina zuƙar ɓargo har da lumshe ido.

Maman Ilham ta ce, "Malama... ke ce?" (Baiwar Allahn nan ta daɗe rabonta da tuwo saboda ni.)

Ni kuwa da ƙashi a baki, abin da ya fito shi ne, "Bincike nake yi."

Sai ga muryar Goggo daga baya: "Ku matsa ku ba ta iska! Wanda ya katse mata binciken nan ni da shi. Saratu kike ko wa? Ajiye wayar nan ki miƙo mata kunu." Guɗa ta tashi, mata har da masu riƙe ciki don dariya. Latas ɗin nan a ƙarshe Goggo ta watsa shi cikin dafa-dukar baƙi.

Daga ranar na koma cin abinci kamar mutane, da dafaffe da ɗanyen duka, na ci gaba da shan maganina a fili. Sannu a hankali jirin ya tafi, yaron ya fara sakin nono da kansa yana barci da baki buɗe. Ranar da na fara ganin haka sai da na yi hawaye.

Har yanzu ina bin diddigi, hali zanen dutse. Sai dai na koyi cewa in za ki yi gwaji, yi a kan cikinki ke kaɗai, ban da lokacin da wani ke jiran rabonsa a jikinki. In kuma kin riga kin yi wa'azi, to ki tuba a gaban jama'a tun kafin a kama ki da ɓargo a baki.