Addu'ar da Aljihuna Ya Katse

Na daɗe ina karantar da ɗalibaina a Diffa cewa kallon ƙwallo ɓata lokaci ne, alhali zuciyata tana wajen ƙungiyar garinmu. Wasan ƙarshe, wanda in ba mu ci ba za mu faɗa rukuni na biyu, ya dace da ɗaurin auren ɗiyar Alhaji Bukar, manomin tattasai, kuma ni aka ba addu'a. Na kamo wasan a salula, na bi da igiyar sauraro ƙarƙashin rawani, ina mai yaba wa hikimata.

Da na ɗaga hannuwa, igiyar ta fizge. Mai sharhi ya kurma ihu daga aljihuna: "Ta shiga raga!"

Kowa a zauren ya juyo yana kallona. Na yi fatan kogin Komadugu ya tafi da ni. Alhaji Bukar ya karkato, hannuwansa a sama.

"Allah gafarta Malam, mu ne ko su?"

"Mu ne, Alhaji."

"Alhamdu lillahi! Ƙarasa mana."

Ban taɓa jin amin mai ƙarfin ta ranar ba. Allah Ya tsirar da ƙungiya, Ya suturta ni da dariyar mutanen kirki. Sai dai har yau, in na gyara rawani, wani zai matso: "Malam, nawa da nawa?"